Kujera: kalma guda, ma'ana barkatai

Yau kalmar da za mu warware ita ce kujera.

Ta farko kowa ya san ta: ƴar gajerar nan da masassaƙi ke fafewa daga icce guda. A kanta uwar gida ke tuƙa tuwo, a kanta ake wa yarinya kitso. Ita ce kujerar tsakar gida, wadda duk wanda ya shigo ke ja ya zauna.

In ka je tasha kana neman motar Maraɗi, kujera ta zama guri. Ka biya ta, amma da ka sauka wani ya haye. Haka take a siyasa. A zaɓen 2016 majalisar dokokin Nijar tana da kujeru 171. Biyar daga ciki na ƴan Nijar mazauna waje ne, takwas kuma an ware su ga mazaɓu na musamman, ciki har da Bermo maƙwabciyarmu. Kujerar ta jama'ar mazaɓa ce, depite aro aka ba shi. Shi ya sa in bai kai kukan mutanensa ba ake cewa ɗumama kujera kawai ya yi. Shi kuwa sarki, kamar na Kornaka ko Birnin Lalle, an fi cewa ya hau karaga ko gadon sarauta.

A labarun duniya kuna jin kujerar naƙi. Ƙasashe biyar ke da ita a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya: Amurka, Ingila, Faransa, Rasha da Sin. Guda ta ce ta ƙi, magana ta mutu. Nijar ta zauna cikin kwamitin a 2020 da 2021, amma bisa kujerar wa'adin shekara biyu, wadda ba ta da wannan iko.

Sai wadda ta fi taɓa aljihu, kujerar Makka. Ba mazaunin cikin jirgi kaɗai ake nufi ba, gurbin aikin hajji ne. Saudiyya ke yanka wa kowace ƙasa rabonta, kusan mutum guda cikin Musulmi dubu. A nan gida hukumar COHO ke kula da lamarin tare da ajans-ajans da ta amince da su. To tunda ƙirgaggu ne, ba kowane mai cewa «ina da kujera» ke da ita ba.

Don haka kai da ka yi shekaru kana tara kuɗi a waje don ka biya wa tsohuwa Makka, kar ka turo sai ka tambaya: wace ajans ce, tana cikin jerin na bana, ina takardar shaidar biya? Allah ya kai masu niyya.