Minsharin da Ke Hana Hawan Jini Sauka

A gidajenmu minshari abin tsokana ne, jikoki su kwaikwayi kaka a yi ta dariya. Ni da nake aikin jinya a sashen masu hawan jini, ƙarar ba ta dame ni ba. Shirun da ke ratsa ta shi ne abin tsoro: mutum na cikin jan minshari sai ka ji ɗif, daƙiƙa 10, 20, wani lokaci fiye da haka, sannan ya zabura kamar an shaƙe shi, ya ci gaba.

A cikin shirun nan ba ya numfashi. Barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro ya saki, harshe ya koma baya ya toshe hanyar iska. Oksijin ya ragu a jini, sai ƙwaƙwalwa ta farkar da shi na ɗan lokaci, jijiyoyin jini su tsuke, zuciya ta ƙara gudu. Da safe bai san an yi ba. Likitoci suna ƙirga yawan ɗaukewar a kowace awa: 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, daga 30 zuwa sama ya yi tsanani. Jinin mai lafiya kan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 idan yana barci. Mai wannan lalura sau da yawa ba ya samun wannan hutun, kuma a hankali hawan ya bi shi har rana. Lalurar kuma tana tafiya da rikicewar bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Shi ya sa idan na ga dattijo yana shan magani iri uku jini ya ƙi sauka, nakan ce, "Alhaji, ranar dawowa a zo mana da Hajiya." Shi zai rantse barcinsa lafiya lau. Ita ce za ta faɗi yadda take zungurarsa cikin dare, da yawan tashi fitsari, da ciwon kan safe. Daga nan sai ya yarda yana gyangyaɗi lokacin huɗuba, har ma a kan sitiyari.

Babban maganin wannan lalura na'urar CPAP ce, wadda Colin Sullivan, likita a Sidni ta ƙasar Ostireliya, ya bayyana wa duniya a 1981. Tana hura iska ta wani abin rufe hanci don maƙogwaro ya zauna a buɗe. Minshari ya tsaya, gyangyaɗi ya ragu, mutum ya wartsake. Amma kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ba. A yawancin mutane maki 2 zuwa 3 kawai take ragewa a awon jini, ko da yake ta fi tasiri ga waɗanda jininsu ya gagari magani. A 2016 aka fitar da sakamakon binciken SAVE, na mutum fiye da 2,700 masu ciwon zuciya ko na jijiyoyin ƙwaƙwalwa, yawancinsu a Sin. Na'urar ba ta rage bugun zuciya mai kisa ko shanyewar jiki ba. Sai dai a matsakaici awa 3.3 kacal suke sa ta a dare, ragowar daren maƙogwaro na toshewa yadda ya saba. Ni abin da na ɗauka shi ne a sa ta har asuba, kuma kada a ajiye ƙwayar hawan jini don an sayi na'ura. A nan wurinmu sai an haɗa da batir ko sola, don wutar da ke ɗaukewa tsakar dare ba ta san mara lafiya ba.

Rage ƙiba na taimakawa sosai. Binciken da aka yi a jihar Wiskonsin ta Amurka ya nuna rage kashi 10 cikin 100 na nauyi kan rage ɗaukewar numfashin da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A riƙa kwanciya a gefe maimakon rigingine, a guji giya da ƙwayar barci. Kuma don Allah a bar kai wa wanzami ya cire beli, toshewar ta wuce nan, ga zubar jini.

Gwajin barci ba kowane asibiti ke yin sa ba. Kafin a kai gare shi, Hajiya ta ɗauki barcin Alhaji na minti biyar a waya, da sauti, a nuna wa likita.