Awon Mutum-mutumin 'Yan Makaranta Kafin Gasa

Ana jawo hankalin Hakimai da malamansu, musamman na ƙasar Garki da kewayen Dutse, ga wani al'amari da ya shafi makarantun da ke son shiga gasar ƙera mutum-mutumi, watau ɗan injin nan mai tafiya da kansa. Wasu daga cikin gasannin nan suna da iyakar nauyi. Alƙalai sukan aza injin bisa sikeli tun kafin a fara, in kuwa ya zarce, ba zai shiga fage ba sai an rage, ko da yara sun yi wata shida suna wahala a kansa.

Iyakar ta bambanta. A gasar kokawar mutum-mutumi ta Sumo, wadda ta samo asali daga Japan, babban aji kilo 3 ne, faɗi da tsawo santimita 20. Ƙaramin aji giram 500 ne, santimita 10, watau nauyin ledar ruwan sha guda ke nan. A babbar gasar FIRST ta Amurka, wadda aka fara a 1992, iyakar 2025 laba 115 ce, wajen kilo 52, ban da batir da matashin kare karo. Saboda haka lalle malamin makaranta ya nemi dokar shekarar da ake ciki, kada ya dogara ga ta bara.

Inda yara suka fi kuskure shi ne su gama ƙira tukuna, sa'an nan su auna. Daidai ne a yi wa nauyi kasafi yadda ake yi wa kuɗin Baitulmali. A buɗe littafi, a auna kowane abu shi kaɗai, a rubuta: batir, injin juya taya, tayoyi, gangar jiki. Batirin alkalin ɗan ƙarami, irin na rediyo da ake kira AA, wajen giram 23 ne, guda huɗu sun cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na rabon ƙaramin aji. Waya da noti da gam su ne ɓarayin ɓoye, gama ba mai lissafta su, amma sikeli ba ya mantuwa. A ware musu nasu kason tun da fari.

In nauyi ya yi yawa, a fara duba gangar jiki. Alminiyam wajen sulusin nauyin ƙarfe mai girmansa ne, sauya shi kaɗai yakan isa. Huda ramuka a jiki dabara ce ta ranar ƙarshe, abin da take ragewa kaɗan ne, ga raunana ƙira. Amma fa a Sumo rashin nauyi ma illa ne, don mara nauyi shi ake turewa waje. Gwanaye sukan matso dab da iyaka, su sa nauyin can ƙasa kusa da tayoyi.

Abin da ake roƙon Hakimai shi ne su taimaka wajen samun ma'auni na gaskiya. Sikelin awon buhun gyaɗa ba ya ganin giram goma. A nemi ƙaramin sikelin lantarki, a gwada injin a kan guda biyu dabam-dabam, a kuma bar 'yar rata ƙasa da iyaka, gama sikelin alƙalai shi ne mai yanke hukunci. Malamin Hakimi na iya duba littafin awon, ya tabbata jimla ta yi daidai kafin yara su kama hanya.