Ciwon Kai da Lokacin Garzayawa Asibiti

Sau da yawa ciwon kan da ke damun jama'a, musamman da bazara ko cikin azumi, asalinsa ƙishirwa ne, ko rashin barci, ko rabuwa da shayi da goro ga wanda ya saba. Irin wannan kuwa, idan mutum ya sha ruwa, ya huta a inuwa, ya haɗiyi farasitamol bisa ƙa'ida, babba bai wuce giram 4 a yini ba, insha Allahu zai lafa. Sai dai yawan shan ƙwayar kullum shi kansa yana haddasa ciwon.

Akwai ciwon kan da jinkiri a kansa ganganci ne. Idan ya zo da zazzaɓi, wuya ya sanƙare, ido ya ƙi haske, to a tuna da annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta hallaka dubban bayin Allah a Arewacin Nijeriya, a garzaya asibiti nan take. Haka hukuncin yake ga wanda ciwon ya faɗo masa farat ɗaya da tsanani, ko harshensa ya karye, ko ɓarin jikinsa ya mutu, da kuma mai juna biyun da fuskarta ta kumbura, ganinta ya dushe, domin hawan jini kan kai ta ga jijjiga.