Giya da tuƙi: kowace ƙasa da dokarta

Ka san giya tana shiga jini. In ta shiga, ido ba ya gani sosai, ƙafa kuma tana jinkirin taka birki. Shi ya sa ƙasashe suka kafa doka a kan direban da ya sha. Amma dokar ba iri ɗaya ba ce.

Yaya ake ganewa? Ɗan sanda yana ba direba wata na'ura ya hura, ko likita ya ɗebi jininsa. Ana duba yawan giyar da ke cikin lita ɗaya ta jini. Da garam ake aunawa. In ka ga 0,5, rabin garam ke nan.

Ƙasar Norwe ce ta fara sa iyaka, a shekarar 1936. A Ingila iyakar 0,8 ce tun 1967. A Faransa 0,5 ce tun 1995, amma sabon direba 0,2 aka ba shi. Wanda aka kama tsakanin 0,5 da 0,8 zai biya tarar Yuro 135, wato wajen jika 88 na sefa. In ya kai 0,8, sai kotu. Ana iya karɓe permi ɗinsa, har a kai shi kaso.

Wasu ƙasashe sun fi tsanani. Suwidin ta sauko 0,2 tun 1990. A Hangari da ƙasar Cek, ko ɗigo ba a yarda ba. A Saudiyya kuwa, doka ta hana ɗan ƙasa shan giyar kanta.

Dokar Japan ta 2007 ba direba kaɗai take kamawa ba. Wanda ya ba shi giya, da wanda ya ara masa mota, da wanda ya ce ya ɗauke shi alhali ya san ya sha, duka suna da laifi.

Lambobin sun bambanta, amma jikin mutum ɗaya ne ko'ina. Goro, ko kofi, ko wanka da ruwan sanyi ba su fid da giya daga jini. Hanta ce ke wannan aiki, sannu a hankali.

To, in ka je tasha ka ji warin giya a bakin direba ko ɗan kabu-kabu, kar ka hau. Ka gaya wa shugaban tasha, ka jira wata mota.