Tabkin Dal na Kashmir: gidajen kan ruwa da masassaƙan da ke ƙarewa

 

Ƴan uwa masu karatu, a wannan fitowa za mu leƙa Kashmir, wani kwari mai sanyi da ke tsakanin duwatsun Himalaya, wanda Indiya da Pakistan ke jayayya a kansa tun shekarar 1947. Mafi yawan mutanensa Musulmi ne. A babban birninsa Sirinagar, a ɓangaren da ke hannun Indiya, akwai wani tabki da ake kira Dal, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 18. A bakinsa ne masallacin Hazratbal yake, inda ake ajiye da wani gashi da mutanen ƙasar suka yi imani na Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A kan ruwan kuwa ga ɗaruruwan gidaje na katako a jere, kowane yana zaune bisa cikin jirgi. Dubban iyalai ke cin abinci a gindin waɗannan gidaje, amma masu iya sassaƙa su sun kusa ƙarewa.

Asalin sana'ar

Tun zamanin da, akwai wata jama'a a Kashmir da ake kira Hanji, waɗanda rayuwarsu duka a kan ruwa take. A jirgi ake haihuwarsu, a jirgi suke girma, suna jigilar itace da shinkafa ta kogin Jelam. Suna kwana cikin wani dogon jirgi mai rufin tabarma da suke kira dunga. Wani ma'aikacin Ingila mai suna Walter Lawrence, wanda ya fitar da littafi game da kwarin a shekarar 1895, ya ambata cewa Hanji suna danganta asalinsu ga Annabi Nuhu, alaihis salam. Ko me masana tarihi za su ce game da wannan nasaba, ta nuna irin girman da suke ba sana'arsu.

A shekarar 1846 Turawan Ingila suka sayar da Kashmir ga wani sarki mai bin addinin Hindu, Gulab Singh, kuma zuriyarsa ta yi mulki har 1947. Sarakunan wannan gida sun hana baƙi mallakar ƙasa ko gina gida a kwarin. Su kuma Turawan da ke mulkin Indiya, in zafin bazara ya tsananta, sai su gudo Kashmir shan iska. Da aka hana su tudu, sai suka koma ruwa. A ƙarshen ƙarni na 19 masassaƙan Sirinagar suka faɗaɗa dunga, suka yi mata bango na katako da tagogi da ɗakuna irin na Turawa. Bayan tafiyar Turawa, gidajen suka zauna a hannun iyalan Hanji, suka mayar da su masaukin baƙi masu yawon buɗe ido.

Yadda ake ƙera gidan

Ƙashin bayan aikin shi ne itacen diyodar, wani nau'in al'ul da ke fitowa a kan duwatsun Himalaya. Yana da mai a jikinsa da ƙanshi, ruwa ba ya saurin ruɓar da shi, gara ba ta son sa. Da shi ake yin gindin jirgin, wato ɓangaren da ke nutse cikin ruwa. Babban masassaƙi, wanda suke kira wasta, shi ke zaɓen katako, ya jera dogayen alluna, ya haɗa su da manyan ƙusoshi, sannan a cusa zare da ciyawa a tsakaninsu don toshe kafar ruwa. Babban gida yakan wuce mita 30 a tsawo, da zauren baƙi, da ɗakin cin abinci, da ɗakunan kwana uku ko huɗu. Aikin yakan ci shekara guda ko fiye.

In an gama gindi da bango, sai masu ado su karɓa. Akwai masu yin rufin ciki da suke kira katamband, inda ake harhaɗa ƙananan guntayen katako cikin zane mai kusurwoyi ba tare da ƙusa ba. Akwai masu sassaƙa furanni da ganyaye a jikin itacen da Larabawa ke kira jauz, wanda ake yin kujeru da gadaje da shi. Akwai masu saƙa darduma da masu ɗinkin labule. Mutanen Kashmir suna danganta shigowar yawancin waɗannan sana'o'i ga Shehu Sayyid Ali Hamadani, malamin da ya zo daga Farisa a ƙarni na 14 tare da almajirai da masu sana'a, ya yaɗa Musulunci a kwarin.

Masu ci a gindinsa

Waɗannan gidaje ba sa tafiya, a ɗaure suke wuri guda. Saboda haka kowane baƙo sai ya hau ƙaramin kwalekwale mai rumfa da ake kira shikara kafin ya isa masaukinsa. Mai tuƙa shikara ya samu. Mai dafa abinci da mai wanki sun samu. Da safe ƴan talla za su zagayo cikin nasu kwalekwalen, wannan da furanni, wannan da mayafin ulu, wancan da za'afaran. Akwai kuma manoman kan ruwa, masu tara ciyawar tabki da laka su yi lambu mai yawo, su shuka tumatir da kokwamba da kankana, su haƙo saiwar wani irin bado da ake miya da ita. Bayan sallar asuba sukan haɗu a tsakiyar ruwa su ci kasuwa, kafin rana ta ɗaga an watse. Iyalin mai gidan kuwa galibi a wani ƙaramin jirgi suke zaune a bayan babban, nan ne madafa take.

Masifu a jere

A shekarar 1989 faɗa ya ɓarke tsakanin ƴan tawaye da sojojin Indiya, baƙi suka ɗauke ƙafa shekaru da yawa. A watan Satumba na 2014 ambaliya ta mamaye Sirinagar. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Indiya ta soke matsayin cin gashin kai na yankin, aka rufe hanyoyin sadarwa, aka umarci baƙi su fita. Annobar korona ta biyo baya a 2020. A watan Afrilu na 2025 ƴan bindiga suka kashe mutum 26 a Pahalgam, yawancinsu ƴan yawon buɗe ido, baƙi suka sake watsewa.

Amma abin da ya fi taɓa masassaƙa shi ne ciwon tabkin kansa. Ƙazantar birni da ta gidajen kan ruwa tana kwarara cikinsa, ciyawa tana cin ƙarfinsa, mutane suna cike gefensa da ƙasa. Don haka tun ƙarshen shekarun 1980 hukuma ta hana ƙera sababbin gidaje, a 2009 kuma babbar kotun yankin ta ƙara tsananta hanin, har gyara ya zama sai da wahala. Gindin katako kuwa yana bukatar a duba shi a toshe shi a kai a kai, in aka bar shi sai ruwa ya shiga, gida ya nutse. Masu gidajen suna kukan cewa an ɗora masu laifin da mafi yawansa na magudanan birni ne. A shekarar 2021 aka fitar da sabon tsari da ya ba da damar gyara, bisa sharaɗin kowane gida ya sa na'urar tace ruwan bayan gida, aka kuma ƙayyade yawansu a kimanin 900 a tabkunan Dal da Nigin.

Izinin gyara ya zo, amma ya tarar da masu gyaran sun tsufa. Ilimin wasta ba a rubuce yake ba, a hannu yake da ido, uba ke koya wa ɗa a bakin aiki. Yaron da bai taɓa ganin an kafa gindin jirgi daga farko ba, yaya zai gaji mahaifinsa? Shekaru fiye da 30 ba a yi sabon gida ba, ƴaƴan masassaƙa da yawa sun koma wasu sana'o'i, diyodar kuma ya yi tsada.

Abin lura

Shari'armu ta riga ta tsawatar a kan ɓata ruwa. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah ya hana yin bawali a ruwan da ke tsaye ba ya gudana, malaman fiƙihu kuma sun gina hukunce-hukunce a kan haka. Hukumar da ta tashi kare tabki tana da hujja. Sai dai shari'ar nan ce kuma ta hana a cutar da mutum a dukiyarsa da hanyar abincinsa. Da tun farko an tare ƙazanta daga tushenta, an taimaki masu gidaje da kayan tacewa, da ba a kai ga ɗaure hannun masassaƙa tsawon wannan lokaci ba. Ga shi yau ana neman ceto ruwa da sana'a gaba ɗaya, alhali kowanne ya jigata.

Iyaye masu sana'ar hannu a cikinmu, maƙera da majema da masassaƙan jiragen kogin Kwara da tabkin Cadi, wannan labari ya shafe ku. Ku sa ƴaƴanku makaranta, ta allo da ta boko, amma ku zaunar da su kusa da ku a wurin aiki tun kuna da ƙarfi. Allah Ya ba ƴan uwanmu na Kashmir zaman lafiya, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya sa mu riƙe amanar abin da Ya damƙa a hannunmu. Amin.