Tangaran Marar Hatimi: Yadda Ake Gane Asalinsa

A Unguwar Lalle ta ƙasar Sabon Birni, da sauran garuruwan Gobir har zuwa Isa, akwai tsofaffin da har yanzu suke riƙe da farantai da kwanonin tangaran waɗanda suka gada daga kayan jeren iyayensu mata. In an kifa irin wannan faranti, sau da yawa ba a ganin hatimi ko sunan ƙasar da ta yi shi. Dā ba wanda ya damu da wannan. Amma tun daga 2019, lokacin da ta'adin 'yan bindiga ya sa dubban mutane suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, gidaje da yawa sun sayar da abin da ba su iya ɗauka, mai saye kuwa yakan fi mai sayarwa sanin abin da ke hannunsa. Haka kuma wajen rabon gado, inda akan yi wa kwano kuɗi bisa ka.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar rashin hatimi a matsayin shaidar tsufa. Gaskiya ne dokar kwastan ta Amurka ta 1890 ce ta tilasta wa masana'antu rubuta sunan ƙasa a kan kayan da za su shiga can, shi ya sa ake ganin "England", ko "Nippon" a kan kayan Japan na tsakanin 1891 da 1921. To, amma dokar ba ta shafi kayan da aka yi domin kasuwannin Afirka ba. Waɗansu kuma takarda aka manna musu, wankin farko ya tafi da ita.

Saboda haka sai a tambayi farantin kansa. A ɗaga shi a hasken rana, a sa yatsu a bayansa. In an ga inuwar yatsun, to tangaran ne na ainihi, watau wanda aka yi da farin yumɓun kawolin aka gasa a wuta mai zafin digiri 1,200 zuwa 1,400. Irinsa in an ƙwanƙwasa shi da farce sai ya yi ƙara mai tsawo, in ya ɓalgace kuma cikinsa fari ne sumul kamar gilas. Wanda haske bai ratsa shi ba, ga nauyi, ga ƙananan tsage-tsage a fuskarsa kamar saƙar gizo-gizo, wannan yumɓu ne da aka shafa wa ƙyalli. Mafi yawan abin da ake kira tangaran a ƙasar Hausa irin wannan ne.

Zanen shi ya fi nuna gida. Furanni ja da kore da shuɗi waɗanda aka dangwala da yankakken soso, ko aka ja da buroshi cikin gaggawa, aikin masana'antun Ingila da Sikotland ne da na garin Mastirik a Holan, inda Petrus Regout ya soma yin irin waɗannan kaya a 1836. Mai launi ɗaya kuwa, da hoton gida ko itatuwa, bugawa aka yi daga takarda, kuma mai lura zai ga wurin da bakin zanen ya haɗu bai daidaita ba. Ɗigo uku da ake ji da yatsa a gindin faranti ba aibi ba ne, sawun abin da aka ɗora shi ne a cikin tanda.

Yaya suka iso Gobir? Jirgin ƙasa ya kai Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, shekarar da aka kafa kamfanin UAC. Daga kantuna sai 'yan koli su ɗauka zuwa kasuwar Shinkafi da ta Sabon Birni. Ta arewa kuma akwai kantunan Faransawa a Maraɗi. Ƙananan finjalai marasa mariƙi, su alhazai ne suka fi zuwa da su daga Makka, domin shan gahawa aka yi su, ko da yake a nan sun koma na zamzam da turare.

Abin da Bature ya nufa da kwano dabam, abin da Bagobira ta yi da shi dabam. Kwanon da aka ƙera domin miya ya zama adon ɗakin amarya, bai taɓa ganin tuwo ba. Shaidarsa ita ce tsakiyarsa ba ta da ƙarcen cokali. In kuma aka ga busasshiyar ƙasa ta kama bayan faranti, to a bango aka kafa shi, ko a tsakiyar rufin soro inda bakuna suke haɗuwa, kamar yadda magina suke yi wa zaurukan sarakuna da attajirai. Kada a kankare wannan ƙasa, kada kuma a dirje zanen da toka, domin da su ne ma'aikatan gidajen tarihi, irin su na Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Makama a Kano, za su iya karanta inda farantin ya zauna.