Jinyar yaro a asibiti: me ke kwantar da hankalin iyaye?

Tagriss ƙaramar hukuma ce a gundumar Dakoro, cikin jahar Maraɗi. Idan yaro ya kamu da ciwo a can, ana fara kai shi gidan likita mafi kusa. In ciwon ya tsananta, sai a tura shi asibitin Dakoro. Wani lokaci sai an kai har babban asibitin Maraɗi. Yawan kwantar da yara yana ƙaruwa da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke haɗuwa. A lokacin ne kuma aikin gona ya fi yawa.

Me ya sa gamsuwar iyaye take da muhimmanci?

Uwar da aka karɓa da mutunci takan dawo da wuri idan ɗanta ya sake kwantawa. Wadda aka wulaƙanta takan zauna gida har ciwo ya ci ƙarfin yaro. Ke nan, gamsuwar iyaye tana iya ceton rai.

Abubuwa huɗu da iyaye ke dubawa

1. Tarba. A shekarar 2003, Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan sun fitar da littafin bincike a kan gidajen likita na manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai. Binciken ya nuna cewa rashin kyakkyawar tarba na cikin manyan koke-koken majinyata.

2. Bayani. Uwa tana son sanin sunan ciwon, da amfanin maganin, da kwanakin da za ta yi. Ya kamata a gaya mata da harshen da take ji, ko Hausa, ko Tamashek, ko Fulatanci.

3. Kuɗi. A shekarar 2006, gwamnatin Nijar ta yanke shawarar kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Amma a shekarun da suka biyo baya, jinkirin biyan gidajen likita kuɗinsu ya jawo yankewar magani a wurare da dama. Ban da haka, kuɗin mota da abincin mai jinya suna kan iyali.

4. Zaman jinya. Ruwan sha, makewayi mai tsabta, gidan sauro da wurin kwana suna rage wa uwa wahala. Tunanin yaran da ta bari a gida kan sa ta nemi tafiya kafin sallama.

Shawara ga iyaye

Ku kai yaro likita nan take idan yana jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yana amayar da duk abin da ya ci, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura.

Ku tafi da katin lafiyarsa.

Ku yi tambaya. Tambaya ba rashin kunya ba ce. In ba ku gane ba, ku ce a maimaita.

Maigida ya sama wa sauran yara mai kula da su, domin uwa ta zauna har a sallame ta.

Kafin ku fita, ku tabbatar kun san yadda ake ba da magani da ranar komawa.

In kuna da kuka, ku kai shi ga shugaban gidan likita ko ga kwamitin da ke wakiltar jama'a a wurin. Ku kuma tuna cewa da damina ma'aikaci guda kan duba yara masu yawa a yini. Girmamawa daga ɓangarorin biyu ita ce ke sauƙaƙa jinya.